Tarihin Katin Memori na Kyamara: Girma da Sauri

Katin memori, wato ɗan katin da ake zura wa kyamara don ta adana hotuna, ya samo asali ne daga neman inda za a zuba hoto idan babu fim. A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya harhaɗa kyamarar da ke mayar da haske zuwa lambobi. Hoton baƙi da fari ne, mai ɗigo dubu goma kacal, amma sai da na'urar ta shafe daƙiƙa 23 tana rubuta shi a kan kaset irin na rikoda. Tambayoyi biyun da suka taso a wannan gwaji, wato hoto nawa ma'ajiya za ta ci da kuma tsawon jiran da za a yi kafin ta haɗiye shi, su ne har yau mai sayen kati ke yi wa kansa.

Mafita ta fito ne daga Japan. A farkon shekarun 1980 Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba ya ƙirƙiro ma'ajiyar lantarki da ba ta mantuwa ko an ɗauke mata wuta, kuma ana iya goge ta a sake rubutu. Abokin aikinsa Shoji Ariizumi ne ya raɗa mata suna filash, domin yadda take gogewa a tashi ɗaya ya tuna masa da walƙiyar fitilar kyamara. A 1987 Toshiba ta gabatar da nau'in NAND, wanda a kansa aka gina kusan duk katunan da suka biyo baya. Sai dai a lokacin tsadarta ta sa kamfanoni sun yi ta lalube. Kyamarar Mavica da Sony ya fitar a 1997 da faifan filofi take aiki, mai cin megabayit 1.44, hoto ashirin zuwa arba'in ke nan, kusan abin da naɗin fim ɗaya mai hoto 24 ko 36 yake ɗauka. Ta samu kasuwa sosai, don kusan kowace kwamfuta ta wancan zamani tana da bakin filofi.

Shekaru takwas daga 1994 zamani ne na kowa tasa ta fisshe shi. SanDisk ya fito da CompactFlash a 1994, Toshiba ta biyo da SmartMedia a 1995, aka yi MultiMediaCard a 1997, Sony ya kawo Memory Stick a 1998, Olympus da Fujifilm kuma suka haɗa kai a kan xD a 2002. Wanda ya sauya kyamara sau da yawa sai ya jingine tsofaffin katunansa. Abin da ya raba makomar biyun farko ya cancanci a tsaya a kansa. CompactFlash yana da ɗan ƙaramin mai kula a cikinsa, wanda ke rarraba rubutu da kauce wa gurbin da ya lalace, don haka kyamara ba ta buƙatar sanin yadda cikinsa yake. SmartMedia kuwa, saboda a rage kuɗi da kauri, an bar wannan aiki a wuyan kyamara, sai ya zama tsohuwar kyamara ba ta gane sabon kati mai girma. A megabayit 128 ya tsaya cak. CompactFlash ya zarce, ya zama katin ƙwararru tun daga Nikon D1 ta 1999, duk da cewa allurai 50 da ke cikin bakin kyamarar kan lanƙwashe idan aka danna kati a karkace. Ƙishirwar wuri ta kai har IBM ya ƙera Microdrive a 1999, faifai mai juyawa na gaske da aka matse cikin jikin CompactFlash, mai megabayit 340, sannan gigabayit ɗaya a 2000. Yana shan batir, kuma faɗuwa ɗaya kan iya kashe shi.

Katin SD, wanda Panasonic da SanDisk da Toshiba suka sanar a 1999, shi ya raba gardama. A Janairun 2000 suka kafa ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojinsa, kuma ta buɗe ƙofa ga kowane kamfani. Wannan buɗewa ta fi kowace dabarar ƙira tasiri: masu ƙerawa suka yi yawa, farashi ya faɗi. Zuwa 2010 Sony kansa ya soma sa bakin SD a kyamarorinsa, xD kuma ya shuɗe yana gigabayit 2. Ƙanen SD, wato microSD na 2005, mai milimita 15 a tsaye da 11 a kwance, shi ne wanda wayar hannu ta yaɗa.

Haruffan da ke biye da SD a jikin kati tarihin iyakokin girma ne. SD na asali bai wuce gigabayit 2 ba, saboda tsarin jera fayiloli da ya gada daga tsofaffin kwamfutoci. A 2006 aka fito da SDHC mai kaiwa gigabayit 32 bisa tsarin FAT32, wanda ba ya yarda fayil guda ya haura gigabayit 4. Shi ya sa doguwar ɗaukar bidiyo ke fitowa gunduwa-gunduwa. SDXC na 2009 ya koma exFAT ya ɗaga iyaka zuwa terabayit 2, SDUC na 2018 kuma zuwa 128. Sabuwar kyamara tana karanta tsohon kati, amma wadda aka ƙera kafin 2009 galibi ba ta san SDXC ba, ko da ya shiga bakinta daram. Akwai kuma giɓin da kan tayar wa masu saye hankali ba gaira ba dalili: kamfani yana ƙirga dubu-dubu, kwamfuta tana ƙirga 1024, don haka katin giga 64 yakan nuna kimanin 59.

Da wuri ya wadata, sai magana ta koma kan sauri. Ma'aunin farko aro ne daga faifan CD, inda 1x ke nufin kilobayit 150 a daƙiƙa, don haka kati mai 133x yana gudun kusan megabayit 20. Aibin wannan lamba, da ma babbar lambar da ake bugawa ɓaro-ɓaro a katunan yau, shi ne yawanci ƙololuwar saurin karantawa take nunawa, wato lokacin kwashe hotuna zuwa kwamfuta. Kyamara kuwa rubutu take yi. Idan mai hoto ya danne maɓalli tana ɗauka a jere, hotunan suna fara taruwa ne a wata ma'ajiyar wucin gadi da ke cikinta, daga nan su tsiyaya zuwa kati. Idan katin na jan ƙafa, ma'ajiyar ta cika, kyamara ta tsaya, abin da ake son kamawa kuma ya wuce.

Bidiyo ne ya tilasta wa masana'antar faɗin gaskiya. Hoto yana iya jira, bidiyo ba ya jira. Ma'ajiyar NAND ba ta rubutu a kan tsohon rubutu sai ta goge babban yanki tukuna, kuma a irin wannan shara ne sauri kan faɗi na ɗan lokaci, ɗauka ta yanke. Saboda haka a 2006 aka ƙirƙiro aji 2 da 4 da 6, lamba cikin harafin C, mai alƙawarin mafi ƙarancin megabayit da kati zai rubuta a daƙiƙa. A 2008 Nikon D90 da Canon 5D Mark II suka shigo da bidiyo cikin manyan kyamarorin hoto, aji 10 ya biyo baya a 2009. Daga nan aka samu U1 mai megabayit 10, U3 mai 30 a 2013 saboda bidiyon 4K, sannan a 2016 jerin V6, V10, V30, V60 da V90. Ba a soke tsofaffin alamomin ba, shi ya sa kati ɗaya ke ɗauke da C10 da U3 da V30 lokaci guda, alhali biyun ƙarshe abu ɗaya suke faɗa. Wannan cunkoso kuskure ne da mai saye ke biyan kuɗinsa, domin ƙaramar alamar ita ce mai amfani, babbar lambar kuwa ta talla ce. Wani ruɗanin kuma, kyamara da megabit take ƙirga bidiyo, kati da megabayit, kuma takwas na farko ne ke yin ɗaya na biyu. Bidiyo mai megabit 100 megabayit 12.5 yake buƙata, V30 ya ishe shi har da rara. Mai megabit 400 kuwa yana neman 50, sai V60.

Hanyar da bayanai ke bi ita ma tana da nata ma'auni. UHS-I na 2010 yana kaiwa megabayit 104 a daƙiƙa, UHS-II na 2011 kuma 312, ta hanyar ƙarin layi na biyu na haƙoran ƙarfe a bayan katin. Idan aka sa shi a kyamarar da ba ta da wannan layi zai yi aiki, amma da gudun UHS-I.

Al'adar masu sana'ar hoto ta tafi tare da waɗannan sauye-sauye. Waɗanda suka taso da fim sun saba raba aiki a naɗi da yawa, sai suka ci gaba da raba shi a ƙananan katuna, don idan ɗaya ya lalace kada hoton biki ko na labari ya salwanta gaba ɗaya. Kyamarori masu baki biyu, irin Canon EOS-1D Mark II ta 2004 da Nikon D3 ta 2007, sun rage wannan fargaba, tunda ana iya rubuta kowane hoto a kati biyu. Lissafin girma kuwa ya dogara da nau'in fayil: ɗanyen hoto na RAW daga kyamara mai ɗigo miliyan 24 yana cin megabayit 25 zuwa 30, don haka giga 64 zai ɗauki kimanin dubu biyu, na JPEG kuma ya ninka haka. Arahar kati ta jawo jabu, waɗanda ake sauya wa mai kula don ya nuna girman da babu shi. Sai an cika ainihin wurin sannan hotuna su soma lalacewa.

A manyan kyamarori, katin XQD ya soma maye gurbin CompactFlash tun daga Nikon D4 ta 2012, sannan CFexpress da aka sanar a 2016 ya maye gurbin XQD. CFexpress yana amfani da hanyar PCIe irin ta ma'ajiyar cikin kwamfuta, kuma nau'insa na B yana haura megabayit dubu a daƙiƙa, abin da ɗanyen bidiyon 8K ke nema. Sony ya zaɓi ƙaramin nau'in A a kyamarar A7S III ta 2020, wadda kowane bakinta ke karɓar CFexpress ko SD.