Fiat Tagliero: Gidan Man Asmara Mai Fukafukai

Fiat Tagliero tsohon gidan mai ne a Asmara, babban birnin Eritiriya, wanda aka kammala gininsa a 1938, zamanin mulkin mallakar Italiya. A waɗancan shekarun garin ya bunƙasa da sauri, domin ta Eritiriya ne sojojin Italiya suka kutsa Habasha a 1935. Motoci suka yawaita, buƙatar mai da kanikawa ta ƙaru. Ginin ya ɗauki sunan Giovanni Tagliero, wakilin kamfanin motoci na Fiat a garin.

Injiniyan da ya tsara shi, Giuseppe Pettazzi, bai yarda ya yi rumfar famfo irin ta kowa ba. Ya fitar da shi da siffar jirgin sama: hasumiya a tsakiya mai ɗauke da ofis da wurin karɓar kuɗi, sai fukafukai biyu na kankare da rodi, kowanne tsawon mita 15, suna yi wa motoci inuwa ba tare da ginshiƙi ko ɗaya a ƙarƙashinsu ba. Hukumomi sun dage sai an tokare su, aka sa katako. Mutanen Asmara suna ba da labarin cewa ranar da za a cire katakon, magini ya ƙi, sai Pettazzi ya zaro bindiga ya tilasta masa. Aka cire, fukafukan kuwa ko gezau.

Shekara uku kacal bayan haka, a 1941, Birtaniya ta karɓe garin. Aka haɗa Eritiriya da Habasha a 1952, sannan yaƙin neman 'yanci ya ci shekara 30, daga 1961 zuwa 1991. Wahalar wannan zamani ta hana sababbin gine-gine, amma ita ce kuma ta hana a rushe tsofaffin. An yi wa Fiat Tagliero gyara a 2003.

A 2017 hukumar UNESCO ta sa Asmara cikin wuraren tarihi na duniya, kuma wannan gidan mai na cikin gine-ginen da aka fi nunawa idan ana maganar birnin. Turawa ne suka zana shi, amma 'yan Eritiriya ne suka riƙe shi. Kankare mai shekaru sama da 80 na buƙatar kulawa a kai a kai, kuma ya cancanci a ware masa kuɗin gyara.