Daga ijaza zuwa kujerar lakcara: zare ga masu son koyarwa a jami'a

1/ Ni ɗan Achida ne, kuma ƙannena da suka gama bautar ƙasa sun dame ni da tambaya ɗaya: yaya ake zama lakcara? Da yawa sun riga sun sare, wai sai mai uwa a gindin murhu. Ku biyo ni mu leƙa tarihi tukuna.

2/ Nan kusa da mu, Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, can kuma aka rufe shi a 1837. A zamaninsu ba a neman malanta da takardar neman aiki. Sai ka sauke littafi gaban malami, shi kuma ya ba ka ijaza, wato izinin karantar da shi, haɗe da jerin malaman da ilimin ya biyo ta hannunsu.

3/ Malam Abdullahi ɗan Fodiyo har littafi ya rubuta, Ida'un Nusukh, inda ya lissafa malamansa da abin da ya karanta wurin kowanne, ciki har da yayansa Shehu Usmanu da Malam Jibrilu ɗan Umar. In ka duba da kyau, takardar tarihin karatu ke nan, irin wadda ake nema yau.

4/ Da boko ya zo, shaida ta koma satifiket. Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato har 1934. Jami'ar Zariya mai sunansa an buɗe ta a 1962, ta Sakkwato kuma, wadda yau ake kira Usmanu Ɗanfodiyo, aka kafa ta a 1975.

5/ Jami'a ta zo da matakalarta: mai digirin farko ya shiga a matsayin mai koyon aiki, sai mataimakin lakcara, lakcara na biyu, na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, sannan farfesa. Mai digirin dakta yakan fara ne daga lakcara na biyu.

6/ Samun takardar ɗauka ba shi ne ƙarshe ba. A Amurka, tun wata sanarwa ta ƙungiyar malaman jami'o'insu a 1940, gwaji kan kai shekara bakwai kafin a ba mutum kujerar dindindin. Mu nan ma akwai lokacin gwaji kafin a tabbatar da kai, kuma ƙarin girma na tafiya ne da maƙalun da ka wallafa.

7/ To kun ga, daga Wurno ta jiya zuwa teburin intabiyu na yau, tambayoyin uku ne: wa ya koyar da kai, me ka rubuta, wa zai tsaya maka?

8/ Saboda haka shiri tun daga aji ɗaya yake farawa. Ka riƙe sakamako mai kyau, don da shi ake fara tankaɗe. Kundin bincikenka na shekarar ƙarshe kada ka saye shi, ka yi da hannunka, domin za a iya titsiye ka a kansa. Ka bari malamai biyu ko uku su san aikinka sosai, su ne za su rubuta maka takardar shaida.

9/ Sanayya akwai ta, ba mai musu. Gurabe kaɗan ne, masu nema tuli. Amma ko an buɗe maka ƙofa, ranar duba maƙalu ba wanda zai ara maka tasa. Wanda ya kasa wallafawa, mataki ɗaya zai tsufa a kai.

10/ 'Yan'uwana mata, har da ku nake. Nana Asma'u, 'yar Shehu, malama ce da ta horar da jajis suka shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Wannan fage naku ne tun asali.

11/ Mai shirin digiri na biyu, ka tura wa abokinka wannan zaren. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.