Maganin Jijjiga da Aikin Ƙoda

Shekaru da dama, idan aka kawo mai juna biyu asibiti tana jijjiga, tana taune harshe, ko a Bungudu ne ko Tsafe ko Gusau, allurar diyazefam ake fara zuƙowa. Takan kwantar da jijjigar, amma hanta ce ke sarrafa ta, kuma abin da hantar ke mayar da ita shi ma magani ne mai sa barci, yana iya yin kwanaki a cikin jini. Uwa ta yi ta gyangyaɗi, jariri ya fito jiki laƙwas, ko nono ya kasa kamawa.

Alhali akwai wani maganin tun tuni. A 1925 likita Lazard ya ba da rahoton ɗura magnesiyam salfet ta jijiya a birnin Los Anjalis, a 1955 kuma likita Pritchard ya tsara awonsa a Amurka: giram 14 da farko, sannan giram 5 a ɗuwawu duk bayan awa 4. Sai a 1995 wani babban gwaji na ƙasashe da dama ya tabbatar ya fi diyazefam hana jijjiga dawowa.

Shi magnesiyam ba ruwansa da hanta. Ƙoda ce ke tace shi, kusan kashi 90 cikin 100 yana bin fitsari cikin awa 24. Nan haɗarin yake, domin ciwon da ke kawo jijjigar yakan taɓa ƙodar. Fitsari na raguwa, magani ya taru, ya kashe gaɓoɓi, ya danne numfashi. Wannan tsoron ya daɗe yana hana ma'aikatanmu taɓa shi, mata kuwa suna ta mutuwa.

A 2008 aka shigar da shi asibitocin gwamnati 10 a jihar Kano, aka horar da likitoci da ungozomomi. Abin da aka koya musu ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Kafin kowace allura a ƙwanƙwasa ƙasan gwiwa a ga ko ƙafa za ta harba, a ƙirga numfashi, a duba jakar fitsari: in bai kai mililita 100 cikin awa 4 ba, a dakata. A gefen gado kuma a ajiye allurar kalsiyam, makarin magnesiyam. Rahoton da Dakta Jamilu Tukur da abokan aikinsa suka fitar ya nuna mace-macen masu wannan ciwo a asibitocin sun sauko daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 3.