Asalin Duwatsun Kong

In ka tsaya a Tina Junction da hantsi, ka ba cikin garin Jos baya, ka dubi gabas, za ka hangi duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,829. To, a tsofaffin taswirorin Turawa babu su, babu alamarsu. Waɗanda ke ciki su ne Duwatsun Kong, da aka jera tun daga wajen Gini har suka ratsa ƙasar da yau muke kira Nijeriya. Sun shekara kusan casa'in a takarda, alhali a doron ƙasa ba a taɓa yin su ba. Ga yadda aka yi.

Turawan Fotugal ne suka fara biyo gaɓar Afirka ta Yamma da jiragen ruwa. A 1434 Gil Eanes ya wuce Bojador, inda matuƙa suka daɗe suna tsoron wucewa. Wajen 1472 suka iso Legas, sunan ma su suka raɗa. Mutanen nan gwanayen awon gaɓa ne, kowane bakin rafi sai sun zana shi sun ba shi suna, irin su Forcados da Escravos. Amma tudu ya gagare su: ga zazzaɓi, ga sarakunan bakin teku da ba su yarda a tsallake su a ciniki ba. Haka Turawa suka shekara fiye da ɗari uku suna lodin bayi a bakin Kwara, ba su san Kwara ce ba.

Da yake tsakiyar takarda ba ta kyau fayau, sai masu zane suka koma ga jita-jita da littattafai. Babban madogararsu Hasan al-Wazzan, wanda suke kira Leo Africanus, aka buga littafinsa a Benis a 1550. Daga can Cano da Casena da Zegzeg da Guber suka hau taswira, wato Kano da Katsina da Zazzau da Gobir, an jejjera su yadda alƙalami ya ga dama. Shi ne kuma ya ce kogin Kwara yamma yake gudu.

A 1796 Mungo Park ya tsaya a bakin kogin a Segu, ya ga da idonsa gabas ya nufa. Sai sabuwar tambaya ta taso: ina yake ƙarewa? Park ya ce ya hangi wasu duwatsu can kudu, aka gaya masa na ƙasar Kong ne. Hange ne kawai, ko gindinsu bai je ba. Wani mai zanen taswira a Landan, James Rennell, wanda dama yana ganin kogin a wani tafki yake ƙafewa a cikin ƙasa, ya sami abin da yake nema. A 1798 ya ja doguwar katangar duwatsu a kudu, don ta tare ruwan kada ya kai teku. Asalinsu ke nan. Na baya suka yi ta kwafa, kowa na ƙara musu tsawo, har wasu suka haɗe su da Duwatsun Wata na gabashin Afirka.

Abin dariya, ko da Richard Lander da ƙanensa John suka bi kogin a kwalekwale daga Busa har teku a 1830, suka tabbatar kudu ya karya, ba a goge duwatsun ba. Aka dai ɗan buɗa wa ruwan ƙofa a tsakaninsu. Sai da wani hafsan Faransa, Binger, ya shiga garin Kong da kansa a 1888, a arewacin Kwaddibuwa ta yau, ya waiga hagu da dama bai ga komai ba, sannan aka fara share su.

Namu duwatsun na gaske kuwa, na tudun Jos, kuza ce ta sa aka neme su. Turawan Kamfanin Neja sun ga siraran sandunan kuza da maƙeran Liruwe ke narkawa a hannun fatake, suka bi sawu, har H. W. Laws ya hau tudun nan a 1903. Ko a lokacin ma, da aka zo rubuta suna a taswira, ba Jos aka sa ba, Tudun Bauchi aka rubuta.