Dorugu da Abbega: Samari Biyu da Suka Komo Daga Ingila

Jama'a masu sauraro, musamman ku da ke Azare da sauran garuruwan Katagum, ƙasarku ta daɗe da sanin matafiya. Tun kafin a mai da fadar Sarki daga garin Katagum zuwa Azare a 1916, fatake masu zirga-zirga tsakanin Borno da Kano sukan bi ta nan. A watan Janairu na 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, Turawa biyu suka iso Katagum daga Kukawa, wato Clapperton da likita Oudney. Oudney yana fama da ciwo, ya kuwa rasu a Murmur, ba nisa da garin. Shi bai sake ganin gida ba. Labarinmu na yau na waɗanda suka je ƙasar nesa suka komo ne, gama komowa gida ma tana da tata wahala, kuma gidaje da yawa a cikinmu suna da wani da ya dawo daga karatu ko neman abinci a ƙetare, ya rasa yadda zai zauna.

A 1851 waɗansu Turawa suka sake isowa Kukawa, babban birnin Borno na lokacin. Ɗaya sunansa Heinrich Barth, mutanen ƙasa suna ce masa Abdulkarim. Ɗayan kuwa Adolf Overweg, ana ce masa Tabib. Overweg ya 'yantar da yara biyu daga bauta, suka zama masu yi masa hidima. Na farko Dorugu, Bahaushe daga ƙauyen Dambanas kusa da Kance a ƙasar Damagaram, wanda mahara suka kama yana ɗan yaro. Na biyu Abbega, ɗan ƙabilar Margi, ya ɗan girmi Dorugu. Da Overweg ya rasu a bakin tafkin Chadi a 1852, sai Barth ya ɗauke su. Tare da shi suka bi ta Damagaram, Katsina da Sakkwato har Tambutu a 1853. Suka komo Kukawa, suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, suka isa Landan a watan Satumba na 1855.

Nufin Barth shi ne a mai da su gida ba da daɗewa ba. Amma akwai wani fasto a garin Chatham, James Frederick Schön, wanda ya yi tafiya a kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther a 1841, tun daga nan kuma yake ƙoƙarin koyon Hausa domin a juya Maganar Allah. Ga shi Allah ya kawo masa ɗan asalin harshen har ƙofar gida. Ya riƙe samarin a wurinsa, ko da yake abin bai yi wa Barth daɗi ba. Aka yi musu baftisma, Dorugu ya zama James Henry, Abbega ya zama Frederick Buxton. Daga bakin Dorugu Schön ya rubuta kalmomi da tatsuniyoyi da labarin tafiyarsa duka, har da yadda Turawa suke zaman cin abinci, abin da ya ba yaron mamaki ƙwarai. Daga 1857 aka fara buga sassan Littafi Mai Tsarki da Hausa, su Matiyu da Yahaya da Ayyukan Manzanni. Nahawun Hausa na Schön ya fito a 1862, littafin Magana Hausa kuma a 1885. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa sai a 1932 ya fito, ta hannun su Dokta Miller na Zariya, amma tushen aikin yana da muryar wani yaro wanda aka taɓa sayarwa kamar akuya. Mu da muke karatu da Hausa a sujada alhali muna da namu harsuna a gida, ya kamata mu san wannan.

To, sai komowa. Abbega ne ya fara dawowa, a 1857. Bai nufi ƙasar Margi ba, gama hanyar tana da nisa, farautar bayi kuma ba ta ƙare ba. Ya zauna a yankin Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu, yana yi wa Turawa tafinta. Ya yi iyali, ya shiga cikin jama'ar gari sosai, ya koma addinin Musulunci. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 Turawa suka naɗa shi sarkin Lakwaja.

Akwai masu jin wannan su girgiza kai, su ce ga wanda ya ja da baya. Ni dai ina ganin sai mu yi a hankali da shari'a. Saurayi ne da aka yi wa baftisma a ƙasar sanyi, cikin mutanen da ba sa jin harshen uwarsa, aka sa shi a jirgi aka ce ya je. Mutum yana bukatar wanda zai tsaya masa wajen neman aure, da wanda zai zo ranar suna, da wanda zai ɗauki gawarsa. Jama'ar da ta ba Abbega waɗannan abubuwa ita ce ta same shi. Har yau haka abin yake. Ɗanmu yakan dawo daga waje, ranar Lahadi ta farko a tashe shi tsaye a tafa masa, daga nan shi ke nan, ba mai zuwa gidansa sai mai neman taimakon kuɗi. Bayan wata shida a ce ai ya zama Bature, ba ya zuwa sujada.

Dorugu ya daɗe a Ingila, sai a 1864 ya dawo, bayan shekara takwas da wani abu. Yaron da ya bar ƙasar Hausa bawa ya komo yana jin Turanci, yana karatu da rubutu. Amma a lokacin wa ke bukatar wannan ilimi a kasuwa ko a gona? Sai baƙi. Saboda haka shekaru masu yawa aikinsa tafinta ne, yana tsakanin Turawa da sarakuna, yana juya maganar wannan ga wancan. Aiki ne mai daraja, amma mai yinsa kullum a bakin ƙofa yake tsaye, bai shiga ɗaki ba, bai fita waje ba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Dorugu kuwa bai bar gida da son ransa ba, fizge shi aka yi.

Sai da ya tsufa abin da ya kawo ya sami wurin zama. A 1909 Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano domin malamai da 'ya'yan sarakuna. Ana bukatar wanda ya iya rubuta Hausa da boko, ga kuwa tsoho wanda ya koyi wannan tun fiye da shekara hamsin a Chatham. Dorugu ya zama malami a wurin. A Kano ya rasu a 1912, yana da shekara wajen saba'in da 'yan kai. Matar Vischer ta rubuta labarin rasuwarsa, da yadda aka tarar da kayan Turai da ya adana a ɗakinsa, har da tabarau. Ina yawan tunani a kan kayan nan. Kowane mai dawowa yana da irin wannan akwati, na abubuwan da ya gani da waɗanda ya saba da su, da ba ya iya nuna wa kowa don kada a ce yana fahariya. Ilimin bokonsa dai ya fita daga akwati, ya shiga hannun ɗalibai.

Maganar Allah ta san wannan al'amari. A littafin Rut, sura ta fari, Na'omi ta komo Baitalami bayan wajen shekara goma a Mowab, matan gari suna ta tambaya ko ita ce kuwa. Ta komo da baƙin ciki, har ta ƙi sunanta. Abin da ya zaunar da ita ƙananan abubuwa ne na yau da kullum: lokacin girbin sha'ir ne, surukarta ta fita kala, wani dangi mai suna Bo'aza ya tuna da hakkin zumunci, a ƙarshe kuma matan unguwa ne suka taru suka raɗa wa jariri suna. A Nehemiya sura 13 kuma, bayan komowa daga Babila, an tarar da yara a Urushalima waɗanda ba su iya harshen Yahuza ba. Wannan ta taɓa mu kai tsaye. Wanda ya dawo da 'ya'ya masu jin Turanci ko Larabci kaɗai, in kaka ba ta zauna da su ta koya musu gaisuwa da harshenmu ba, za su girma baƙi a gidan ubansu. Dariyar da muke yi musu idan suka karya harshe ita ce takan rufe musu baki.

Kakanninmu ma sun ga irin wannan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da sojojin da suka je Bama suka komo a 1945 da 1946. Da yawa daga ƙananan ƙabilu suke, a bariki suka koyi Hausa da karatu. Waɗansu suka zama masu karanta Littafi a majami'un ƙauye, waɗansu kuwa zaman ƙauye ya gagare su, suka koma birni.

Shi Abbega, zuriyarsa ce ta ƙarasa tafiyar. Jikansa Maimaina, wanda aka haifa a Jega, ya yi wa Turawa tafinta kamar kakansa, aiki ya kai shi Borno. Daga baya ya zama Sarkin Askira, a ƙasar Margi, inda aka kama kakansa yana yaro.