Cinikin Abin Da Ido Bai Gani Ba: Daga Ayari Zuwa Wayar Hannu



Koke ya yawaita a tsakaninmu kan sayayya ta intanet. Mutum ya ga shadda a Facebook ko WhatsApp, ya tura kuɗi Kano ko Legas, a aiko masa da wata daban. Wasu na cewa sabon abu ne, shari'a ba ta san shi ba. Tarihi bai yarda da haka ba.

Mubi garin fatauci ne a bakin iyakar Kamaru. Ta zauna ƙarƙashin Fombina ta Modibbo Adama, Jamus ta mulke ta, Ingila ta karɓa, har ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta haɗa ta da Najeriya. Duk da sauyin masu mulki, fiƙihun Malikiyya malamanmu suka ci gaba da karantarwa a zaure, kuma fatake sun daɗe suna sayen hajar da ba su gani ba.

Imam Malik, wanda ya rasu a 795, ya kawo mas'alar a Muwaɗɗa: a sayi ƙunshin tufafi ba a kwance shi ba, bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki. Idan kaya suka dace da takardar, ciniki ya faɗa. Idan suka saɓa, mai saye yana da zaɓin mayarwa. Hoton da ke wayarmu ya ɗauki matsayin wannan takarda.

Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibanmu ke karantawa har gobe, ta halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffa. Amma ta hana a shardanta biyan kuɗi tun farko, sai in kayan suna kusa, ko irin waɗanda ba sa canzawa ne. Ta kuma ba wanda ya tarar da aibi damar mayarwa. A kasuwar shanunmu ma, dillalin da ya ɓoye ciwon sa ya zubar da mutuncinsa.

A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar da ta kafa hukumar FCCPC, mai karɓar koken masu saye. Abin da dokar ta zo da shi bai yi nisa da na malamanmu ba.

Don haka mu nemi cikakkiyar siffa a rubuce, da yadi da launi da ranar isowa, mu adana shaidar biya. Masu sayarwa a cikinmu kuma su faɗi aibin hajarsu. Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, amin.