Ɗumama ruwa da ɗaki lokacin hunturu a Nguru da Gashuwa

Ɗumama gida da itace tsohuwar hanya ce ta kare kai daga sanyin hunturu a Nguru da Gashuwa, a arewacin Jihar Yobe, inda iskar hamada ke kaɗawa daga Disamba zuwa Fabrairu.

Ana kafa murhu a tsakar gida da duwatsu uku ko tubalin laka, a ɗora babbar tukunya ko rabin duro na ƙarfe, a hura wuta da itace ko karan gero, don ruwan wanka da alwalar asuba. Idan wuta ta ci ta zama garwashi, sai a kwashe a kasko a kai ɗaki. Nan ne haɗarin yake: garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba marar wari, wadda kan kashe mai barci. Dole a bar taga a buɗe.

A ƙasashe masu tsananin sanyi kamar Kanada, wasu na gina tukunyar ɗumama ruwa da itace a wajen gida, bututu ya kai ruwan zafi cikin ɗakuna. A Yobe kuwa, itacen kansa ne matsala, domin sare bishiyoyi yana ƙara kwararowar hamada.